Ɗaliba ta Goma

Malam Ikrima ya kashe babur a bakin gonar gyaɗa, ya sauka yana kakkaɓe farin yadinsa da ya sha guga tun da sassafe. Ya taɓa aljihun gaba, takardar sunayen ɗalibai da iyaye ke sa wa hannu tana nan. Shugaban makarantarsu da ke bayan Tsanyawa bai ɓoye masa komai ba: ɗalibai goma ake so a ajin kimiyya kafin la'asar ɗin yau, in ba su cika ba a rushe ajin, shi kuma ya koma koyar da wasannin motsa jiki. Tara gare shi. Ta goman, Rahmatu, ubanta ya cire ta daga makaranta kwana huɗu da suka wuce, kuma babu abin da ya jawo haka sai bakin Malam Ikrima.

Uban, Malam Umara mai magani, yana duƙe yana cirar gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida da kaka, sannan tsohon ya miƙe ya dafa ƙugu.

"Kai ne ka ce wa 'yata akwai masu rubutu a cikinta?"

"Baba, ba haka na faɗa ba."

"To haka maganar ta iso gida. Ran Asabar na ce ta fito tsinkar gyaɗa, ta ce a gajiye take. Wai ma'aikata ne rututu a jikinta suna kwafe takarda dare da rana. Boko in ya kai ga haka, ai ya isa."

Rahmatu tana gindin ɗorawa tana tsinkar gyaɗar ɗaya-ɗaya, kamar mai jin tausayinta. Ta gaida malaminta ta sunkuyar da kai. Haushinta ya kama shi, amma can ƙasan ransa ya ji daɗi, domin a duk ajin ita kaɗai ce ta fahimci darasin har ta ci moriyarsa.

Ya gyara murya ya shiga bayani yadda yake a littafi. Ya ambaci ƙwayar halitta, ya ambaci DNA da RNA, ya zana da'ira a ƙasa da tsinke. Malam Umara ya saurara cikin ladabi har ƙarshe.

"Ka gama? Allah ya ƙara ilimi. Ka taka min gyaɗa."

Ana haka sai ga wani mutum riƙe da ciki, yana sallama da ƙyar. Malam Umara ya ja shi zuwa gida, wanda yake nan a gefen gonar. Malam Ikrima ya bi su, don bai san inda zai sa kansa ba. Tsohon ya shiga ɗakinsa ya jawo wata tsohuwar gafaka, ya zaro damin takardu da suka yi ja don tsufa. Malamin ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Tsaya nan. Kundin kakana ne, da shi ya taso daga Borno. Ba ya fita daga ɗakin nan, baƙo kuma ba ya shigo masa."

Ya buɗe wuri ɗaya tak, ya kwafe layi uku a 'yar guntuwar takarda, ya miƙo wa matarsa Inna Falta ta ƙofa. Ita kuma ta zauna gaban turmi tana dubawa tana zubawa: sassaƙe, sai citta, sai jar kanwa, kowanne a kan layinsa. Ta daka, ta ƙulle wa mai ciwon, ta jefa takardar a murhu.

Shekara shida Malam Ikrima yana cin alli a kan darasin nan, bai taɓa ganinsa da ido ba sai yau.

"Baba, me ya hana ka ba ta kundin gaba ɗaya?"

"Ya faɗa turmi ka biya ni? Ciwon ciki aka kawo, ciwon ciki na kwafa."

"To wallahi abin da na koya wa Rahmatu ke nan," in ji malamin. "Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A tsakiyar ƙwayar akwai ɗaki, a ɗakin akwai kundi da aka gada daga uwa da uba, shi ne DNA. Ba ya fita. In jiki na son wani abu, sai a buɗe wurin kaɗai a kwafe, guntuwar takardar ita ce RNA. Ita ke fita ta je wurin mai haɗi. Mai haɗin tana karanta harafi uku-uku, kowane uku sunan sinadari ɗaya ne, tana jera su bi da bi har su zama furotin. Da shi ake gina tsoka, da shi ake narkar da tuwon da ka ci."

"Takardar fa?"

"In an gama da ita, a lalata ta."

Malam Umara ya dubi murhu, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi.

"Har a nan?"

"Har a ɗan yatsanka."

"Allah mai iko. Mai kwafen, yana kuskure?"

"Jefi-jefi."

"To ɗan'uwana ne."

Inna Falta ta jingine taɓarya. "Malam, ita mai haɗin, tana hutawa?"

"A'a, Inna."

"Na san za a rina," ta ce, ta ɗauki tsintsiya.

Malam Ikrima ya ga ƙarfe ya yi zafi, ya zaro takardar makaranta da biro. Tsohon ya karɓa, ya rattaba sunansa da ajami a hankali. Malamin ya miƙa hannu biyu. Sai Malam Umara ya ninke takardar, ya cusa ta a cikin hularsa, ya jawo tabarma zuwa inuwa.

"Ashe yarinyar gaskiya ta faɗa, na zalunce ta. Gobe ta koma. Yau ma ta huta." Ya kishingiɗa yana nishi. "Ni kuwa shekara saba'in ana rubutu a cikina ba wanda ya gaya min. Shi ya sa bayan nan ke ciwo. Kunyoyi huɗu suka rage, Malam, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Kai yaro ne, masu kwafenka sababbi ne."

Malam Ikrima ya dubi rana, ya dubi hular, ya dubi farin yadinsa. Ya naɗe hannun riga.

Rahmatu, Allah ya yi mata albarka, ba ta bar shi shi kaɗai ba. Ta zauna a gindin ɗorawa tana nuna masa inda ya tsallake.

Ana kiran la'asar ya faɗa ofishin shugaban makaranta, ja wur da ƙasa tun daga hula har takalmi, ganyen gyaɗa maƙale a wuyan riga. Ya ajiye takardar a kan tebur, bai iya miƙe bayansa ba. Shugaban ya bi sunayen da biro har goma, ya buga hatimi. Sannan ya zare tabarau ya ƙare masa kallo.

"Ajinka ya tsira, Malam. Da ka jira sakamako kafin ka fara motsa jikin."