Zalɓen Khamiso

Ruwan tafkinmu ya yi ɗaci a shekarar da na dawo daga karatu a Turkiyya. Kifi ya mutu, agwagin ruwa suka daina sauka. Da sanyi ya wuce, alkama ta fara ja a gonaki, sai yayana Khamiso, wanda nake kira Ada, ya ce mu kwance jirgi mu shiga kogin Sindhu mu yi arewa, ko ma sami inda tsuntsaye ba su riga sun tashi ba.

Mu huɗu ne a jirgin: ni da shi, da matarsa Bakhtawar, da mahaifiyarmu da muke kira Amma. A cikinsa aka haife mu. Murhu a tsakiya, tabarmi ƙarƙashin rumfa. Bakhtawar ke riƙe da itacen juya jirgi a baya, Khamiso na kula da filafilin da iska ke turawa. Ni gorar tura jirgi aka ba ni, wai ita kaɗai ce ba zan iya lalatawa ba.

Iska ta yi mana kirki. Muka wuce garuruwan da muka sani, muka wuce waɗanda sunansu kawai muka taɓa ji. Wata safiya muka ga reshen kogi ya ratse ta hagu cikin dogayen ciyayi. Ko Amma ba ta san shi ba.

Khamiso ya ce, "Juya mu shiga."

Bakhtawar ta ce, "In muka kafe a yashi kai za ka goya jirgin."

"Ke dai juya. Na goya ki shekara da shekaru ban mutu ba."

Muka shiga. Can ciki ruwan ya buɗe ya kwanta, ga agwagi baƙi ƙirin a kansa, suna kiwon ƙarshe kafin su koma ƙasashen sanyi. Mahaifiyarmu ta dafe ƙirji ta yi hamdala.

Khamiso ya sauke filafili, ya buɗe akwati ya ɗauko zalɓensa. Farin zalɓe ne da aka feɗe aka cusa masa auduga, aka ɗinke shi bisa hula, wuyansa a tsaye. Haka muke kamun agwagi tun kakanni. Mutum ya ɗaura zalɓen a ka, ya nutse har hanci, ya yi ta matsawa a hankali. Agwagi ba sa tsoron zalɓe. In ya isa cikinsu sai ya riƙa jan ƙafarsu ta ƙasa yana ɗaurewa a ƙugu.

Ya ɗaure igiyar a haɓa ya dube ni. "Malam boko, dokar ɗaya ce. Ina cikin ruwa, ko jirgin nan wuta ya kama kada in ji bakinka."

"Na sani, Ada."

"Ka sani a da. Yanzu ai sai an fassara maka."

Bakhtawar ta ce, "Wallahi zalɓen ya fi ka kyau. Da shi na aura."

Ya zame cikin ruwa ba ko motsi. Muka zuba masa ido. Zalɓen ya yi nisa, ya tsaya, ya ɗan karkata kai kamar mai duban kifi. Agwagwa guda ta ɓace a gefensa. Sai wata.

A lokacin na ga mutumin. Dattijo ne a kan tudun ƙasar da ke gaɓar can, ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Bayansa tafkunan kiwon kifi ne a jere. Jirginmu yana cikin ciyawa, bai gan mu ba. Ya ɗaga doguwar bindiga ya saita, ba wajen agwagin ba, wajen zalɓen.

Na miƙe na kurma ihu. "Mutum ne! Mutum ne!"

Ƙarar bindigar ta haɗiye muryata.

Agwagi suka tashi gaba ɗaya har rana ta dushe. Farin gashi ya watsu bisa ruwa. Inda zalɓen yake babu komai sai da'ira tana faɗaɗa.

Mahaifiyarmu ba ta yi kuka ba. Bakinta a buɗe kawai yake. Bakhtawar ta fizge gorar daga hannuna ta soka a laka, jirgin ya fito daga ciyawa.

Dattijon ya sauko yana dariya, yana naɗe wandonsa. Ya shiga ruwa zuwa gwiwa don ya ɗauko ɓarawon kifinsa. Sai ɓarawon ya miƙe a gabansa, da kafaɗu da hannuwa, rabin tsuntsu na lilo a ka, jini na zuba har ƙirji, agwagi na fuka-fuki a ƙugunsa.

Bindigar ta faɗa ruwa. Dattijon ya zauna daɓas a laka yana salati, yana maimaitawa, ya kasa kaiwa ƙarshe.

Khamiso kuwa faɗa yake yi. "Wane jaki ne ya yi ihu? Sodho, kai ne ko? Na ce maka kada in ji bakinka!"

"Ada, harbinka aka yi."

"Ka kore min garke guda, kana ce min..." Ya taɓa fuskarsa. Ya tsaya.

Muka jawo shi cikin jirgi. Bakhtawar ta yage mayafinta tana share jinin. Ƙananan ramuka ne birjik daga goshi zuwa kumatu. Ta ce, "Da sauƙi, da sauƙi, fata ce kawai."

Ya juya kai hagu da dama. Ya ce, "Don me kuka bar ni a ruwa har magariba?"

Hantsi ne. Rana na dukan fuskarsa.

"Bakhtawar, kunna fitila mana."

A nan Amma ta yi ƙara.

Sunan dattijon Gul Sher, mai gadin tafkunan ne. Ya riƙe ƙafar Amma yana rantsuwa cewa tunda yake bai taɓa ganin mutanen jirgi a wannan reshe ba, zalɓe kuwa kullum sai ya harbe. Na yarda da shi. Shi ya nemo motar da ta kai mu gari. Khamiso ya riƙe hannuna a hanya yana tambaya ko an kwance agwagin daga ƙugunsa.

Likita ya ciro abin da zai ciru. Idon dama ya tafi. Na hagu yana bambance dare da rana, shi ke nan.

Muka koma jirgi. Garin alkama ya kusa ƙarewa a buhu, agwagi kuma sun fara tashi garke-garke, kullum suna raguwa. Gul Sher yana kawo kifi ya ajiye a gaɓa ya juya. Mahaifiyarmu ta hana a taɓa.

Wata safiya Khamiso ya lalubi akwati ya fito da ɗaya zalɓen, na mahaifinmu. Ya kira ni, ya shafa kaina da tafin hannu yana aunawa.

"Boko ya kumbura maka kai. Bakhtawar, ƙara masa igiya."

Na ce, "Ada, in akwai wata bindigar fa?"

"Gul Sher ya san mu yanzu."

"Reshen na gaba fa?"

Ya ɗaure min igiyar a haɓa, ya ja ta tamau.

Ruwan da sanyi. Na nutse har hanci, na fara matsawa, idona ba a kan agwagin yake ba, yana kan gaɓa.