Suturar Baba Kosi

Baba Kosi ya rasu ne a tsakiyar bazara, yana zaune bakin shagon Zubairu tela a unguwar Maourey ta Yamai, da kan keken ɗinki a cinyarsa bai gama ɗaure shi ba. Mutumin Togo ne, ɗan Katolika, mai gyaran kekunan teloli. Tun suna samari suke cin tuwo kwano ɗaya da Zubairu, in an kira salla Kosi ya tsare shago, ran Lahadi Zubairu ya karɓar masa aiki. Dangi kuwa ba shi da kowa a Yamai. Matarsa ta daɗe da komawa gida da 'yarsu Pelaji tun tana 'yar mitsitsiya, can matar ta rasu.

Zubairu ya kira Pelaji a salula ya gaya mata. Ta yi kuka, ta ce ga ta nan tafe. To, hanyar yanzu ba ta da ba ce tun da aka rufe iyaka, sai ta ratsa Benin, ta hau kwalekwale ta ƙetaro kogi zuwa Gaya, sannan ta nemi mota. Aka kai gawa ɗakin sanyi na asibiti, Zubairu ya koma gida abinci ya ƙi shiga. Kosi da ko ruwan firji ba ya sha, shi ne kwance cikin ƙanƙara kamar kifi, ga wutar kuran tana ta ɗaukewa? Wannan wane irin wulakanci ne? A wurinmu gatan mamaci a gaggauta suturta shi, na nesa kuma su zo gaisuwa. Haka aka yi wa uban Zubairu lokacin shi Zubairu yana can Agadez, bai kuwa taɓa jin haushin kowa ba.

Ya tafi misiyon ya sami Mompera, limamin cocin. Mompera ya tambaya ko dangi sun yarda. Zubairu ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ne danginsa." Kuma wallahi ba ƙarya ya yi niyya ba. Ya ɗinka farin yadi da hannunsa, teloli suka haɗu aka yi akwati, aka yi addu'ar Kiristoci, su Musulmi suna tsaye gefe. Ya nemi Pelaji a waya bai samu ba, tana hanya. Ya ce a ransa ai za ta ji daɗi ta tarar an rufa wa ubanta asiri.

Da ta sauka a tasha bai sha wahalar gane ta ba, goshin Kosi ne sak. Baƙaƙen kaya ne a jikinta, ta rungume wata jakar leda mai tsawo a ƙirji. Ta durƙusa ta gaishe shi da guntuwar Hausar da ta rage mata, sauran suka cike da Faransanci.

"Baba Zubairu, mu wuce asibiti tukuna, in gan shi," in ji ta.

"'Yata, ai mun kai shi makwancinsa. An yi komai yadda ya kamata, babu abin kunya."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai ya kai ta.

Makabartar Kiristoci tana can Yantala. Dattawa sun ce a da bayan gari ce, yanzu gidaje sun kewaye ta, har ƙarar injin niƙa ana ji daga ciki. Zubairu ya wuce gaba tana biye. Daga bakin ƙofa kaburburan Turawan mulki ne, sojoji da matan kumandan, siminti ya tsage, rana ta cinye sunayen, babu mai zuwa musu. Gaba kaɗan malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da akawuna, mutanen Dahome da Togo da suka zo aiki suka tsufa a nan, wasu da hotonsu manne jikin gicciye. Sai layin Masera, matan coci masu aikin jinya, shi kam a share yake tsaf ƙarƙashin dogon yaro. Zubairu yana ta nuna mata yana surutu, shi da ba mai yawan magana ba, don shirunta ya fara ba shi tsoro.

A can ƙurya, inda babu inuwa, sababbi suke. Tudun jar ƙasa ne da gicciyen katako, an rubuta sunan da baƙin fenti. Pelaji ta tsaya. Ta zuge jakar ledar, sai ga baƙar kwat sabuwa fil, da farar riga, da safar hannu.

"A wurinmu ɗa ne ke sa wa ubansa kayan ƙarshe," ta ce. "Ana ajiye shi ko wata guda ne, har kowa ya iso ya ga fuskarsa. Na tsaya Lome an ɗinka wannan, shi ya ƙara mini jinkiri."

Zubairu ya dubi kwat ɗin da idon tela. Kafaɗun sun yi wa Kosi faɗi nesa ba kusa ba. Da hoton samartakarsa aka auna, ba ta san tsufa ya shanye shi ba. Nan ne abin ya soke shi. Yarinyar nan ba ta san ubanta ba sai murya a waya, ganin nan guda ɗaya shi ya rage mata a duniya, shi kuwa ya sa hannu ya zuba masa ƙasa, yana murna ya yi abin kirki.

"Kun ɗauke shi hoto kafin ku rufe?" ta tambaya.

"Mu ba ma ɗaukar mamaci hoto, 'yata."

Ta gyaɗa kai. Ya so ya ce ta yafe masa, ya so ya ce ƙauna ce ta sa, amma ya ga ba ƙaunarsa ta zo nema ba. Baƙin ciki ya cika shi. Shekaru nawa suna kwano ɗaya da Kosi, bai taɓa tambayarsa yadda suke binne nasu ba.

"To, ina kansa yake?" in ji Pelaji.

Wannan kam ya sani, shi ya riƙe igiyar wajen kai da ake saukar da akwatin. Ya nuna mata. Ta shimfiɗa kwat ɗin bisa tudun, wuya ta wajen kai, ta miƙe hannuwan rigar, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kwanta ta ɗora kumatunta a kan ƙasa mai zafi kamar kasko, ta fara yi wa ubanta magana a hankali da harshen garinsu.

Zubairu bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya matsa ya tsaya tsakaninta da rana, ya ware hannuwan babbar rigarsa don inuwa ta sauka a kanta, hawaye na bin gemunsa. Ta ɗago ta gan shi, ta ce, "Baba Zubairu, matsa. Ka riga ka rufe mini shi sau ɗaya."