Muryar da Kamalu Ke Bi

Tun ranar da na ji Kamalu yana tari a bayan rumbu kamar mai neman fitar da ƙaya daga wuya, na san waƙar nan za ta yi mana ɓarna. Na gaya wa uwarsa Mairama, ta ce sanyi ne ya kama shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Sunana Namadi, hatsi nake saye da sayarwa. Asalina Zurmi, amma a Kaura Namoda na yi gida, kusa da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Karatuna bai wuce firamare ba, Turancina kuwa na gaisuwa ne kawai. Kamalu shi ne na uku cikin 'ya'yana, ya gama sakandare yana taya ni awo a rumfa. Allah ya ba shi murya. Tun yana ƙarami, in ya ɗauko karatu a zauren malam, mata kan tsaya da tulu a ka har ya kai aya.

Wani tsohon direban jirgi, mutumin kudu, da ya ajiye aiki zai koma gida, ya bar wa samarin unguwa wani kaset. Takardar jikinsa ta goge, ba suna, ba hoto. Waƙoƙin baƙaƙen Amurka ne na zamanin da, mutum ɗaya yana ja, wasu suna amsa masa. Kamalu da abokansa biyu, Faruku mai gyaran keke da Haidar, su suka riƙe shi. Bayan la'asar sai su zauna a shagon Faruku, su haɗa wata tsohuwar rikoda da batirin mota, don wutar lantarki ba ta zama. Faruku yana yin babbar murya ta ƙasa, Haidar yana buga galan, Kamalu yana bin mai jan waƙar.

Da yake ba su san sunan mawaƙin ba, sai suka sa masa Dogo, saboda yadda muryarsa ke hawa. Kullum cikin gardama suke a kansa. Haidar ya ce mutumin nan bai taɓa cin barkono ba a rayuwarsa. Faruku ya ce ƙarya ne, mai irin wannan kukan dole an taɓa ƙwace masa budurwa, kuma barkono ya ci don huce haushi.

Ba zan ɓoye ba, ni ma nakan rage tafiya in na zo wucewa. Ban san abin da Dogo ke faɗa ba, amma na san roƙo yake. Muryar siririya ce, mai kaifi, tana sauri kamar ana binsa. A waƙa ta uku akwai wani wuri da yake hawa, ya ƙara hawa, ya tsaya can sama ya riƙe, har sai ka ji kai da kake saurare numfashinka ya ƙare. Kamalu ya iya komai a kaset ɗin nan, har 'yar rawar da muryar ke yi a ƙarshen kalma. Wannan wurin ne kaɗai ya gagare shi.

A shekarar aka yi shelar Shari'a a Gusau, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna. Sai aka ce kulob ɗin ma'aikatan jirgi, inda ake shan giya, zai rufe kafin a fara aiki da ita. Dattawan kulob suka shirya taron bankwana da rana tsaka, lemo da gyaɗa, suka ce yaran su zo su yi musu waƙoƙin da su dattawan suka ji suna samari. Daga ranar Kamalu ya daina barin maƙogwaronsa ya huta. A rumfa yana gwadawa, a bakin rijiya yana gwadawa. Jijiyoyin wuyansa su tashi, idonsa ya yi ja, muryar ta je dab da wurin ta tsage.

Na ce masa, "Kai, wanga mutum ɗan uwanka ne da za ka kashe kanka a kansa?"

Ya ce, "Baba, mutum ne kamar ni. Wuya ɗaya gare shi. In ya kai, ni ma ina kaiwa."

"Shi madara yake sha a Amurka, kai ƙurar dawa kake shaƙa."

Ya yi dariya, dariyar ma a shaƙe ta fito.

Ana saura 'yan kwanaki taron, ya zo gaishe ni da safe, bakinsa ya motsa, sai iska kawai na ji. Mairama ta dafa citta da kanumfari da zuma, ya sha, babu canji. Na ga ɗigon jini a kan ƙyallen da yake tofa yawu. Na bi ta shagon Faruku lokacin ya tafi salla, na zare kaset ɗin daga rikoda na jefa aljihu. Niyyata in wurga shi ƙarƙashin gada a hanyar Shinkafi, don washegari kasuwa ce.

Washegari na shiga motar Nasidi direba, wanda na saba bi. Maza muna gaba, mata suna baya. Ba mu yi nisa ba rikodar motar ta tofo kaset ɗinsa na wa'azi, zaren ya tsinke. Nasidi ba ya iya tuƙi shiru.

Ya ce, "Jama'a, ba mai kaset? In na yi barci ku kuka sani. Namadi, mi ke tsini cikin aljihunka?"

Na ce, "Ba irin naka ba ne."

"Kawo dai. In na banza ne, Hajiya ta yi mana hukunci."

Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ce yake nufi, tana bayanmu. Ta ce, "Ni dai kar ka kai mu rami, ɗan nema."

Na miƙa masa, na ce a raina ai gadar ba ta zo ba tukuna. Ya tura kaset ɗin. Kiɗan ya taso a hankali, da nauyi. Na ɗauka wani gefen kaset ɗin ne da ban taɓa ji ba. Sai mai waƙar ya buɗe baki, na gane kalmomin da Kamalu ya cika mana gida da su, amma muryar ba ta Dogo ba ce. Wannan babban mutum ne, mai faɗin ƙirji, ba ya gaggawar komai. Yana ɗaukar kalma ya juya ta, ya ajiye, kamar mai shimfiɗa wa baƙo tabarma. Har jan numfashinsa ana ji.

Da aka zo waƙa ta uku na riƙe ƙarfen kujera. Ya hau, ya ƙara hawa, ya tsaya ya riƙe. Wurin yana da tsawo, amma tsawon da mutum zai kai ne. Na sha jin Kamalu ya wuce nan yana wasa, yana ɗaure buhu.

Hajiya ta ce, "Wanga bawan Allah mi aka yi mashi? Ko uwarsa ce ta rasu?"

Nasidi ya ce, "Mata ce ta tahi, Hajiya. Ko ba Turanci kin san kukan namiji."

"To in tana da kunne ta dawo. Ni da an yi mani wanga roƙo ina yarinya, ko da ƙafa sai na komo."

Aka yi dariya, ni ban iya ba. Na ce wa Nasidi a gida ba haka muryar take ba, siririya ce, mai sauri. Ya tambaye ni da me yaran ke kunna ta, na ce batirin mota. Ya buga sitiyari.

"Ƙaramar rikoda da batirin mota? Ai gudu take yi! Tawa ma ta taɓa yi, malami ya koma kamar yarinya."

Muka wuce gadar hannuna yana kan gwiwata. Ranar na sayar da gerona a Shinkafi ban san yadda na yi ciniki ba. Abin da ke cina shi ne, yarona ya yi watanni yana yaƙi da wata murya da babu wanda ya taɓa yin ta, injin ne ya matse ta. Shi kuwa mutumin na gaskiya, ashe ya fi wanda suke yabo.

Da muka dawo Kaura rana ba ta faɗi ba. Na roƙi Nasidi ya jira a tasha, na je na jawo Kamalu da abokansa. Faruku yana ta cewa, "Baba, ashe kai ne ɓarawon namu?" Na ce ya shiga mota ya rufe mani baki.

Suka zauna su uku a kujerar baya. Nasidi ya kunna. Haidar ya ce, "Wannan ai baban Dogo ne." Faruku ya dafe kai, ya ce shi dai ya faɗa, mutumin nan ya ci barkono. Kamalu bai motsa ba. Leɓunansa suna bin waƙar, babu sauti. Da aka kai wurin nan, ya ɗaga yatsa ɗaya yana bin muryar sama, ta tsaya, yatsan ya tsaya. Ya dubi yatsan, ya dube ni. Sai ya yi murmushi, hawaye na zuba, ya nuna rikodar ya ɗaga babban yatsa, ya yi alamar a maimaita. Nasidi ya maimaita masa har aka kira magariba.

Ranar taro Faruku ne ya ja waƙar, a hankali, yadda mai ita ya yi ta. Bai kai rabin Kamalu ba, amma tsofaffin ma'aikata sun tashi tsaye suna amsawa, wani har ya cire hula yana share ido da ita. Kamalu yana gefe yana tafi, yana gyara wa Faruku shiga da kai.

Na kai shi asibiti. Likita ya haska maƙogwaron, ya ce ya kumbura kuma ya ji rauni, ya hana shi magana da ɗaga murya har sai ya sake ganinsa. Yanzu a rumfa da hannu yake ciniki, masu saye suna tsokanarsa wai ya zama kurma mai tsada. Magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, ƙasa-ƙasa. Ko muryar waƙar za ta dawo yadda take, likita ya ce bai sani ba, ni ma ban sani ba.