Miyar Lami a Wajen Ciyayya

Tun ranar da aka auna Malam Kabo a asibiti a Gaya aka ce hawan jini ne, matarsa Barira ta ɗaura yaƙi da gishiri. Ma'aikaciyar da ta duba shi, Halima Sadiya, ba ta yi musu kwana-kwana ba: jinin ya hau sosai, zuciya ta fara jigata, in bai sauka ba shanyewar ɓarin jiki na iya biyowa. Wannan ciwo kuwa ba sai an yi wa Barira bayaninsa ba. Wan mijinta, Ɗanladi, ya daɗe a kwance, sai an juya shi, sai an ba shi abinci a baki.

Don haka ta kawar da magi, ta ɓoye kanwa, gishiri sai ɗan abin da yatsu biyu suka tsinto. Ƙwayar magani da hannunta take miƙa masa kowace safiya, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye. Ita da ake yabon miyar kukarta a duk unguwarsu a Kademi, ta koma dafa lami, tana ɗanɗanawa tana yamutsa fuska. Abin da ke sanyaya mata rai shi ne, kwanon tuwonsa kullum yakan dawo daga ƙofar gida a suɗe tas.

Da suka koma awo, jinin na nan inda yake.

"Baba, kana shan maganin kuwa?" in ji Halima Sadiya.

"Tambayi sojan da ke gidana," ya ce, yana nuna matarsa da haɓa.

"Gishiri fa, Mama?"

"Wallahi 'yata, ko jariri zai sha miyar nan."

Aka ce su dawo bayan wata guda. Barira ta koma gida da tsoro fal cikinta. Ko tari Malam ya yi sai ta leƙa ta ga bakinsa bai karkace ba.

A wajen injin niƙa asiri ya tonu. Bilki, matar maƙwabcinsu Kamilu, ba ta iya riƙe magana ko da an biya ta.

"Yaya Barira, hannun naki lafiya kuwa? Maigidana ya ce miyarki ta zama ruwan ɗauraye kwano. Ba don Baffa ba, ai da an riƙa dawo miki da ita."

"Baffa kuma?"

"Tsohon nan na unguwarmu ne ke shanye ta, wai ba ta sa shi ƙishirwa. Malam naki kuwa a kwanona yake tarewa, har da santi."

Barira ta tsaya riƙe da baki. Ta manta da ciyayya! Magidantan unguwar ba sa cin tuwo a cikin gida. Bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa, a jera a tabarma, a cinye wannan a koma wancan. Ita kuwa Bilki, da cikin hannu take zuba magi.

"Malam, ashe Baffa nake yi wa jinya?" ta tare shi yana dawowa daga gona.

Ya sosa ƙeya. "To ya zan yi, Barira? Ana zaune ana ci, in janye kwanona gefe kamar marowaci? Ko in dawo ɗaka in ci, a mai da ni abin dariya?"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ƙona mata rai. Ta san ko za a yanka shi ba zai bar tabarmar nan ba.

Washegari ta yafa mayafi ta bi gidajen da ke fitar da kwano. Ba ta taɓa roƙon kowa ko allura ba, amma ran nan ta durƙusa a tsakar gidan Bilki.

"Ku rage min gishiri da magi a miyar da za a fitar. Mai so a ba shi a ɗan murfi ya barbaɗa. Ku taimake ni kar ya kwanta."

Bilki ta daina dariya. "Haba Yaya, tashi! Ai da kin faɗa tun farko." Ta koma ita ce ma ke bin sauran matan da tuni.

Maza suka yi ta mita. Kamilu ya rantse matan unguwar sun haɗa baki, sai Baffa ya ce wanda bai so ya kai kwanonsa tasha. Da daddawa da tafarnuwa da citta, a hankali harsuna suka saba.

Ranar komawa, Halima Sadiya ta ɗaura abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa.

"Alhamdu lillahi, ya sauka, Mama. Amma magani ba fashi, ko da ya ji garau."

Barira ta zauna a benci, ta fashe da kukan farin ciki.

"Tashi mana, mutane na kallo," Malam Kabo ya ce ƙasa-ƙasa.

"Su kalla."

A motar komawa Kademi, tun kafin a bar Gaya barci ya kwashe ta, kanta a jikin taga, irin barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Malam Kabo ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar direba.

"Ɗan'uwa, rage rediyon nan don Allah. Ka kuma bi ramukan a hankali."