Kabewar Iri ta Inna Hajjo

Kwana arba'in cif Inna Hajjo ta yi a Kiyako tana yi wa matar mutane wankan jego. Aikinta ke nan tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai: ta karɓi haihuwa, ta yanke cibi, ta tsaya a kan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma har mai jego ta yi arba'in, sannan ta naɗe tabarmarta ta koma gida Sara. Tsakanin Gwaram da Birnin Kudu babu ƙauyen da ba a taɓa aiko mata ba. Wannan karon dai ba da son ranta ta tafi ba, don ta bar abu a lambun bayan ɗakinta wanda ya fi mata komai na gidan, har da mai gidan.

Kabewa ce. Ba irin fararen nan masu ruwa da ake jibgewa a bakin kasuwa ba. Irin uwarta ne, da ta zo da shi daga Fagam a ƙulle a bakin zane. Cikinta ja kamar manja, ga gari, in ta shiga miyar taushe ba a neman gyaɗa da yawa. Bara ɓera ya shiga tukunyar irin ya bar mata ƙwaya uku. Ta shuka ukun, biyu suka tsiro, akuya ta ci ɗaya. Wadda ta rage ta yi yaɗo ta haye danga, ta yi 'ya'ya huɗu. Inna Hajjo ta tsinke uku tun suna ƙanana don ɗayar ta sha ƙarfin uwar ita kaɗai, ta sa mata faifai a ƙasa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Duk wanda aka haifa a gidan manoma ya san jan ƙyalle: wannan ta iri ce, ba a taɓa ta sai wuyan ya bushe ƙamas.

Da la'asar ta shigo gida, ko kayan kanta ba ta sauke ba ta zarce bayan ɗaki. Faifai na nan, wayam. Jan ƙyallen an rataye shi a danga, wai don mutunci. Wuyan kabewar kuwa an datse shi da wuƙa, kuma ɗanye ne shar.

Jikarta Zahara'u, wadda ta zo gida goyon ciki, tana zaune a inuwa ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa.

"Sannu da zuwa, tsohuwa mai ran ƙarfe. Me kika kawo mini?"

"Ina kabewata?"

"Ta tafi birni yin boko."

"Ke, yau ba ranar wasa ba ce. Kar ki ga cikin nan ki zaci ba zan iya make ki ba."

"Allah kuwa a babur ta tafi. Baba ne ya goya ta da zane kamar jaririya. Ni da nake 'yarsa ban taɓa hawa babur ɗin nan ba, kabewa ta riga ni."

Baban nan shi ne Iliyasu, ɗan farin Inna Hajjo, malamin gona. Tun shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da kowa ya sayi babur, ba ya kwana uku a gari ɗaya. Kullum yana rangadi, yana koya wa mutanen da suka girmi ubansa yadda ake riƙe fartanya. To amma ɗan fari ne. Shekara arba'in da biyu Inna Hajjo ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallon idonsa ta yi masa magana ba. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi tun suna bin shanu. In ta kama dole sai ta ce "wancan", da ya sayi babur kuma ya samu ƙarin girma ya zama "mai babur".

Ta sami mijinta Malam Sada a zaure yana tufkar igiya.

"Malam, amanar me na bar maka?"

"Awaki da lambu. Awaki suna nan lafiya lau."

"Lambun fa?"

Ya ci gaba da tufka, bai ɗago ba. "Aro ya yi. Gobe ake bikin nunin amfanin gona a Birnin Kudu. Gonar gwajinsa shanu sun shiga sun cinye yana can yawon rangadi. Ya ce in ya je hannu biyu, babbansu zai ci masa mutunci a gaban jama'a. Zai dawo da ita."

"Ya dawo da ita ya liƙa wa uwar da me? Da ƙaro?"

"Ai dai ta girma."

"Girma nake nema ko iri? Ba ka ga jan ƙyalle ba?"

"Na nuna masa. Ya ce a boko babu jan ƙyalle."

"Kai kuma a bokon kake?"

Malam Sada ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali bai daɗe da idar da la'asar ba.

Washegari da hantsi tana bayan a-kori-kura, a saman buhunan gyaɗa, da ƙwarya a cinya da wuƙar yankan kuɓewa a cikin ƙwaryar. Wata mata ta tambaye ta ko asibiti za ta. Ta ce a'a, amma mai yiwuwa wani ya je.

Filin bikin ya cika. An kafa rumfuna, an jera dawa da gero da auduga a kan tebura kamar ba a taɓa ganin hatsi ba. Ga wata motar noma ja an wanke ta tas, mutane na zagaya ta. Inna Hajjo ba ta kalli ko ɗaya ba. Daga nesa ta hango abarta a kan tebur na tsakiya, an shimfiɗa mata farin ƙyalle, an goge ta da man gyaɗa tana sheƙi, an kafa wani allo a gabanta. Ta kamo hannun rigar wani mutum mai alƙalami a aljihu.

"Bawan Allah, me aka rubuta a nan?"

Ya karanta mata: "Kabewar gonar gwaji ta Sara. An noma ta da takin zamani. Ta zo ta ɗaya."

"Da me?"

"Da takin zamani, Inna."

Wata biyar tana kwasar kashin awaki da hannunta, tana tara tokar murhu, tana hana kowa zubar da ruwan wanke-wanke sai a gindin kabewar nan. Yau an wayi gari farin gishirin nan na buhu ne ya yi aikin. Ta ajiye ƙwarya a kan teburin, ta rungumo kabewar.

"Kai, kai, Inna, ba a taɓawa." Wani ƙaton mutum ne cikin rigar safari da tabarau, Malam Ƙasimu, babban malaman gona na yankin. "Gobe za a wuce da ita Kano. Kallo ake yi da ido."

"Kai ne babbansu?"

"Ni ne."

"To ƙara na kawo. An shiga lambuna an yi mini ɗauka."

Malam Ƙasimu ya zaro ɗan littafi. "Wa kike ƙara?"

"Wancan."

Ya waiga. Mutum ya fi ashirin a bayansa. "Wanne? Sunansa?"

"Ba na faɗa."

"Ba ki san sunansa ba?"

"Ni na riƙe shi ranar da aka raɗa masa."

Wasu tsofaffi a cikin taron suka fara murmushi, don sun gane. Malam Ƙasimu bai gane ba sai da ya ga malamin gona na Sara, wanda ɗazu yake tsaye yana karɓar barka, ya cire hula ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai kari, kansa a sunkuye.

"Ranka ya daɗe," in ji Iliyasu a hankali, "mahaifiyata ce."

"To ai shi ke nan. Inna, ga shi ga ki, ku yi magana."

Inna Hajjo ta juya wa ɗan nata ƙeya, ta fuskanci Malam Ƙasimu. "Ka tambayi mai babur, a makarantar da aka kai shi an ce masa ana yanke kabewar iri wuyanta ɗanye?"

Tsakaninta da Iliyasu bai kai taku biyu ba. Malam Ƙasimu ya dube ta, ya dube shi, ya ga babu mai niyyar motsi. Ya gyara murya. "Malam Iliyasu, ka ji."

"Ranka ya daɗe, a gaya wa Inna na yi kuskure. Na zaci ta ƙosa."

"Inna, ya ce ya zaci..."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ka tambaye shi wane taki ya zuba mata."

"Malam Iliyasu, wane taki ka zuba?"

Iliyasu ya yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Ka ce masa ya ɗaga murya, mutanen baya ba sa ji."

"Ranka ya daɗe, ban zuba ba."

"To me aka zuba?" Wannan tambayar ta Malam Ƙasimu ce ta kansa.

"Kashin awaki," in ji Inna Hajjo. "Awaki huɗu da bunsuru. In lada za ku ba wa masu aiki, suna can a ɗaure a Sara."

Dariya ta tashi daga gaba ta bi taron har wajen motar noma. Malam Ƙasimu ya cire tabarau ya goge. Ya riga ya aika wa Kano cewa yankinsa zai zo da kabewar da sai mutum biyu suke ɗauka, kuma nan da ɗan lokaci manyan baƙi za su zagayo teburin. Ya sassauta murya.

"Inna, a yi haƙuri. Wanda ya zo na ɗaya yana da kyautar buhun taki da takardar shaida. Naki ne. Zan ƙara miki da irin kabewa na ƙasar waje, a cikin takarda mai hoto."

"Ka taɓa cin miyar hoto?"

"To me kike so?"

"'Ya'yan cikinta. Tsokar ku kai Kano, ku kai Ikko in kun ga dama."

"In aka fasa ta ai ta tashi daga abin nuni."

"Wa ya ce fasawa zan yi? Ka ce wa mai babur ya tashi ya riƙe mini, tunda ya iya goyo."

Iliyasu bai jira an maimaita ba. Ya tashi ya kifa kabewar a ƙirjinsa, gindinta na kallon sama, man gyaɗa na shan farar rigarsa. Inna Hajjo ta zaro wuƙa, ta yanka da'ira a gindin daidai shigar hannu, kamar mai fafe ƙwarya, ta cire murfin ta ba Malam Ƙasimu ya riƙe. Ta zura hannu har gwiwa. Matar da ta shekara talatin tana juya jaririn da ya zo a gicciye, cikin kabewa ba zai ba ta wuya ba. Ta kwashe tas ta zuba a ƙwarya, ta mayar da murfin, ta kafe shi da tsinken tsintsiya huɗu. Da aka zaunar da kabewar a kan farin ƙyallenta, ko alama babu.

"Kwana nawa za ta yi a haka?" in ji Malam Ƙasimu.

"Da zafin nan? Uku. In biki ya wuce haka, ku sa ta ta bayan iska."

Ta zauna a ƙasa nan gindin teburin, ta shiga tsince 'ya'yan daga cikin zaren tana matsa kowanne tsakanin yatsu biyu. Na farko ya lotse. Na biyu ya lotse. Fari fat, sirara, babu komai a ciki. Ta yi ta matsawa tana jefarwa, Iliyasu ya koma ya durƙusa. Sai da ta jefar da fiye da cikin tafi biyu sannan yatsunta suka tsaya a kan wani. Ta kai shi haƙori ta ɗan taɓa. Da ƙarfi. Ta ajiye shi a cinya. Can wani ya biyo, can wani. Da ƙwaryar ta ƙare, tara ne a cinyarta.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "A gaya masa ya tsira. Da irin bai kai uku ba, da yau na kama sunansa a gaban mutanen nan."

Iliyasu ya sauke numfashi. Malam Ƙasimu, don a rabu lafiya, ya ɗauko takardar shaidar, mai kauri da zanen zinariya a gefe, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta ga ba ta shan ruwa. Sai ta shimfiɗa ta a rana daidai hanyar da aka share wa manyan baƙi, ta jera 'ya'yan kabewa tara a kai, ɗaiɗai, ta ɗora dutse a kowace kusurwa.

"Inna, nan baƙi za su bi."

"Su zagaya. In na ƙulle su da danshi fumfuna za su yi." Ta gyara zama, ta miƙe ƙafa. "Ka ce wa mai babur ya koma can ya tsaya, inuwarsa na taɓa mini iri. Kuma ya samo kara, na ga kaji a filin nan."