Ranar da Barakatu Ta Aske Gira

Barakatu ta shafa kumfar sabulu a girar hagu, ta ɗora reza, ta runtse ido ɗaya ta ja. Gashin ya zubo a cinyarta. Ta kalli madubi, aikin gama ya gama, dole girar dama ma ta bi.

Shekara biyu ke nan tana ƙin wannan abu. Hajaratu ce ta kawo shi garinsu Sheme, 'yar ƙanen babanta, wadda suka tashi ɗaki ɗaya wajen Goggo. Ita Allah ya haɗa ta da Rabo, ma'aikacin masaƙa a Kaduna, Barakatu kuwa da Lawwali manomin auduga. Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji Hajaratu ta zo Sallah da leshi da agogo, ga gira an aske ƙwal, an ja siririn layi da jagira. Kafin watan ya mutu reza ta yi wuya a teburan bakin titi. Mai jagira ta zana da jagira, marar ita ta kwaɓa baƙin tukunya da man shanu. Har garuruwan Ketare da Damari abin ya kai, kuma ko'ina sunansa ɗaya: girar Hajaratu.

Sunan nan shi ya tsaya wa Barakatu a wuya. Da can girarta ake kwatance da ita a unguwa, baƙa, cikakkiya. Sai ga shi a gidan biki an koma tambayarta ko tsoron reza take yi. Takan ce Lawwali ne ba ya so. Ƙarya take yi, Lawwali ko lura bai taɓa yi ba. Baƙin ciki ne kawai, ba ta son a ce ta bi bayan Hajaratu.

Yau kuwa sunan jikar Goggo ake yi, kuma Hajaratu na hanya. Barakatu ta rantse ba za a sake nuna ta a gaban 'yar birni a ce ga baƙauya ba. Ta ja layinta siriri, ya fi na kowa lanƙwasa, ta ƙulle jagira da ɗan madubi a haɓar zani ta fita.

Gidan ya cika. Mata suka yi mata caa, wannan ta rangaɗa guɗa, waccan ta riƙe mata haɓa tana juya fuskar.

"Yau Baraka ta shigo gari!" in ji Mero maƙwabciyar Goggo. "Wallahi ko Hajaratu sai ta sara maki."

Daɗin bai kai hantsi ba. Mota ta tsaya a ƙofar gida, Hajaratu ta yi sallama ta shigo da jaka mai ƙyalli a hannu. Girarta baƙa ce, mai kauri, cikakkiya.

"Hajara, ina girar?" Mero ta tambaya.

"Wace? Au, wagga ta zare?" Hajaratu ta yi dariya. "Ai an daina yayinta tuni. A Kaduna yanzu in an gan ka da ita, sai a tambaye ka motar wane ƙauye ta sauke ka."

Mata suka fara jan ɗankwali zuwa goshi. Hajaratu ta juyo za ta rungume Barakatu, sai ta tsaya.

"Ke ma? Haba Baraka, mi ya kai ki?"

"Sha'awa," in ji Barakatu.

Ta koma gindin murhu tana kwashe tuwon da ba a sa ta ba. Zuciyarta tafasa take yi. Ita ta kawo, ita ta yar, kuma duk biyun ita ce a gaba. Har gashin gira ma Allah ya mayar wa Hajaratu da nata, na Barakatu kuwa yana can a shara.

Da aka kira azahar, Barakatu ta ɗauki buta ta zaga bayan rumbu inda ba kowa. Ruwan alwala ya wanke layin tas. Ta fito da madubi ta sake ja, ta mayar da kayanta haɓar zani. Tana miƙewa ke nan Hajaratu ta ɓullo da tata butar, tana waige-waige. Da ta ga Barakatu ce, sai ta yi ajiyar zuciya ta tsuguna. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta watsa ruwa a fuska. Baƙin ruwa ya gangaro mata ta kumatu. Da ta ɗago, saman idonta fayau yake kamar bayan ƙwarya, ko gashi ɗaya babu.

Barakatu ta saki baki.

"Kar ki faɗa ma kowa," in ji Hajaratu, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ba aski na yi ba, tsiga na riƙa yi da hantsaki, har ta daina fitowa. Babu abin da ban shafa ba. Ke taki kafin a cire auduga ta dawo." Ta lallaba ƙugunta, ta dafe ƙirji. "Wayyo, jagirata tana cikin jaka, jakar kuma tana hannun su Mero, sai juya ta suke yi. Ba ni iya ratsa tsakar gidan nan haka."

Wani sanyin daɗi ya sauko wa Barakatu har tafin ƙafa, ta ji kunyarsa, amma bai tafi ba.

"Ina da jagira," ta ce.

"Allah shi yi maki albarka. Da madubi?"

Madubin yana nan yana taɓa mata cinya ta cikin zani.

"Babu. Ƙarasa alwalarki in zana maki."

Hajaratu ta ƙarasa, ta goge fuska da gefen mayafi, ta zauna a kan turmin da aka kife, ta ɗaga kai ta rufe ido. 'Yan kunnenta na zinare suna ta lilo.

"Ki yi mata kauri, irin taki ta da," ta ce. "Wallahi kullum ita nake tunawa in zan zana."

Hannun Barakatu ya tsaya a sama. Daga tsakar gida ta jiyo muryar Mero tana kiran Hajiyar Kaduna ta zo ta buɗe masu jakar nan su sha kallo. Ta lashi bakin jagirar, ta riƙe haɓar 'yar'uwarta, ta ja layi siriri kamar zare, ta lanƙwasa shi a hankali. Ta ja na biyu daidai da shi.

"Ta yi?" Hajaratu ta tambaya, ta buɗe ido.

"Ta yi kyau," in ji Barakatu, ta ɗauki butocin biyu. "Wuce gaba, ke ake jira."