Sabis a Kan Ɗorawa

Reshen ɗorawar ya fara kuka a ƙarƙashin Zaharaddeen daidai lokacin da wayarsa ta farka. Bai bi ta kan reshen ba. Ya ƙanƙame shi da cinyoyi, ya miƙa hannu sama, saƙonni suka yi ta ɓarkowa kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

Tun da aka katse layukan waya a yankin Malumfashi saboda matsalar tsaro, ɗan kasuwar hatsi ya zama makaho. A da, kafin rana ta fito ka san yadda wake ya kwana a kasuwar Dawanau ta Kano. Yanzu kuwa sai dai ka saya da ka, ka sayar da ka. Masu haƙuri suka naɗe hannu suna jira. Shi Zaharaddeen da haƙuri ko a hanya ba sa gaisawa, don haka ya hau babur ya yi ta karaɗe gonakin Dayi yana ɗaga waya, har Allah ya haɗa shi da wannan ɗorawa a kan tudu, inda sabis ɗin ɓangaren Gwarzo ke ɗan leƙowa.

Ya danna saƙon murya na ubangidansa, Alhaji Maharazu.

"Kai Zaharaddeen, wace duniya ka shiga? Waken suya ya yi tashin gwauron zabi! Masu kamfanin mai sun shigo kasuwa. Duk abin da ka samu, kwaso!"

Ya kurma ihu shi kaɗai a daji. Wajen saukowa wandonsa ya yage, bai ma sani ba. Daɗi ya cika shi. Yana shafa fuskar wayar sai ya hango wani tsohon saƙo a sama, wanda Alhajin ya turo tun farkon kaka. Ya sake saurara: "Kasuwa ta faɗi warwas, wake ya yi kwantai. In ba da rahusa ba, kada ka taɓa ko tiya."

Murya ɗaya ce, mutum ɗaya ne. Zaharaddeen ya daɗe yana murmushi kafin ya tada babur.

* * *

Bayan la'asar majalisa ta cika a ƙofar gidan yayansa Mati. Mati ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ne kuma ya sayar da bijimin huɗarsa ya ba shi jari. Ganin ƙura a jikin Zaharaddeen, manoma suka yi masa caa.

"Ka samo sabis? Me ake ciki a Kano?"

Ya ɓata fuska, ya girgiza kai. "Ni ba zan ce komai ba, kada a ce dillali ne. Ku ji daga bakin Alhaji."

Ya danna tsohon saƙon. Muryar Alhaji Maharazu, wadda kowa ya sani, ta sanar da su faɗuwar wake. Majalisa ta ɗauki salati. Shi kuwa a ransa cewa yake, ai bai yi ƙarya ba, ko rantsuwa aka ba shi zai yi. Alhaji ne ya yi magana.

"To ni zan rufe ido in saya a tsohon farashi," in ji Zaharaddeen. "In na yi asara, tawa ce."

Nan fa aka shiga sa masa albarka. Wannan ya ce buhunsa na nan, wancan ya ruga gida. Zuciyar Zaharaddeen na ta tsalle, yana hango shago a Funtua da mota tasa ta kansa, har sai da Mati ya yi gyaran murya.

"Nawa ma ka haɗa. Da na ce in ajiye shi saboda takin baɗi, amma gara in tsira da wani abu."

Zaharaddeen ya dubi yayansa. Wannan bai zo cikin lissafinsa ba. Ya buɗe baki zai ce, "Yaya, bar naka tukuna," sai ya ga idanun mutane a kansa. In ya hana ɗan'uwansa sayarwa, ko yaron goye zai gane akwai magana.

"To, Yaya," ya ce. Ya lallashi kansa da cewa in ya dawo zai kawo masa taki kyauta, shi ke nan an yi biyan juna.

* * *

Ranar lodi gari ya ɗauka kamar ana biki. Babbar mota ta tsaya a dandali, 'yan dako na kai da kawowa, Zaharaddeen na tsaye a kan buhuna yana ba da umarni, muryarsa har ta dushe. Mati ya tuɓe riga ya shiga cikin masu ɗauka.

"Yaya, ka huta mana!"

"In ban taya ka ba, wa zan taya?"

Ana ɗaure igiya, wata waya ta yi ƙara a aljihun wani. Sai ta biyu, sai ta uku. Kafin ka ce me, dandalin ya kaure.

"Sabis ya dawo! Wallahi ya dawo!"

Mata na guɗa daga cikin gidaje, samari na tsalle, kowa na kiran nasa. Can kuma hayaniyar ta fara raguwa, daga wannan gefe zuwa wancan. Mutane na sauke waya daga kunne suna duban motar.

Ƙaramar wayar Mati irin mai amo ce, ba ta da sirri. Zaharaddeen na jin muryar Zakiyya, 'yar Mati da ke aure a Kano, tana cewa, "Baba, kada ku kuskura ku sayar da waken nan! Ya ninka!"

"To, Zakiyya. An gode. A gaida yara."

Mati ya mayar da wayar aljihun wando. Bai ɗaga kai ba. Ya kama igiyar da ya bari, ya ja ta da ƙarfi, ya ƙulle, ya gwada ƙullin.

Zaharaddeen ya sauko daga kan buhunan. Babu wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. 'Yan dako suka yi layi, ya shiga sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan hannuwa don kada ya ga fuskoki.

Hannu na ƙarshe ya miƙo, mai kanta da tsohon tabon lauje. Ya san hannun.

"Yaya..."

"Ladan dako," in ji Mati. "Yadda ka ba kowa."